A Bar Gwaggo Ta Tsinci Gwangwaninta

Tun kafin ladan ya kira assalatu nake jin ƙarar. Ƙwas, sai shiru, can kuma ƙwas. Gwaggo ce a bakin mazubin sharar da ke ƙarshen layinmu, tana ajiye gwangwanin lemo a ƙasa, ta take shi da dunduniya ya baje, ta jefa a buhu. Ba gwaggona ba ce ta jini. Maƙwabciyarmu ce tun muna Karantina, kafin rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021 ya tarwatsa unguwar, sai Allah ya sake haɗa mu a layi ɗaya a kudancin Jidda. Ta haura sittin. Jarinta bai wuce tsohon keken jarirai da wani ya yar ba, da sandar ƙarfe mai ƙugiya, sai wani guntun mayen ƙarfe da ta ɓalle daga matacciyar rediyo ta ƙulle a bakin mayafinta. Gwangwanin da mayen ya kama sai ta ture shi gefe, na baƙin ƙarfe ne, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Wanda ya ƙi kamuwa, na alminiyam, shi ta fito nema.

Watan jiya ta dawo hannu rabbana. Wasu ma'aikata ne suka tsaya da mota, suka ɗauke keken da buhu biyu da ta kwana uku tana tarawa, suka yi mata kashedi, suka ƙara gaba. Na same ta a dakalin ƙofa tana murza gwiwa. Na ce, "Gwaggo, sai haƙuri, doka ce." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ɗan nan, na san doka ce. Amma in ka gan ta ka tambayar mini ita, wa na cuta? Mai abu ya sha abinsa ya yar, ni na sunkuya na ɗauka. Ko so ake in koma ƙofar masallaci in miƙa hannu?"

Ban sami abin ce mata ba a ranar. Na yi ta juya maganar har na tsaya a kan ra'ayi ɗaya. Matan nan da ke tsintar gwangwani a lungunan Jidda da Makka, waɗanda da yawansu namu ne, aikin ƙasa suke yi, irin aikin da hukuma da bakinta ta ce tana so a yi. Kamata ya yi a ba su gurbi a cikin tsarin, a saya a hannunsu da farashin gaskiya, a daina farautarsu. Mu kuma 'yan uwansu mu daina kawar da kai idan mun haɗu da su a hanya.

Ina da bakin magana a kan ƙarfen nan, domin shekara 19 na yi a warsha, wato shagon aikin ƙarfe, ina yanka shi, ina harhaɗa tagogi da ƙofofi da kabad na kicin. Iyayenmu da suka zo daga gida goran ruwa suke ce masa, wasu su ce sanholo. Mu da aka haifa a nan alminiyam muke cewa kamar kowa. Larabawan garin nan kuwa in sun tashi rufe ragowar shinkafa sai su ce a miƙo gasdir, alhali gasdir sunan kuza ne, wani ƙarfe dabam, takardar nan mai ƙyalli alminiyam ce zalla da aka murje ta yi siriri. Mu ma ba mu tsira ba. Na sha jin ana cewa tukunyar dalma, dalma kuwa guba ce, ba mai girki a cikinta ya kwana lafiya.

Duk wanda ya zauna a Jidda ya san abin da raɓar teku take yi wa baƙin ƙarfe. Ka kafa ƙofa bana, baɗi ta fara zubar da tsatsa kamar garin barkono. Tagar alminiyam kuwa sai ta shekara talatin tana kallon teku, iyaka ta dushe. Dalili shi ne da zarar iska ta taɓa shi yakan yi wa kansa wata siririyar fata da ido ba ya gani, ita ke tare masa laima. Ka karce shi da wuƙa, kafin ka ɗaga hannu fatar ta sake rufewa. Nauyinsa kashi ɗaya ne cikin uku na baƙin ƙarfe, shi ya sa yaron shago ke saɓa firam ɗin taga guda ya hau bene da shi ba haki, shi ya sa kuma yawancin jiragen da ke sauke alhazai a garin nan da shi aka ƙera gangar jikinsu. Wayoyin wutar da ke kan manyan turakun hanyar Makka shi ne. Alif ɗin da ake jefawa a randa ruwa ya kwanta ɗan gidansu ne, haka farin maganin ƙwannafi da ake sha bayan an cika ciki da mandi. Har yaƙutun da Alƙur'ani ya ambata a Suratur Rahman, in ka bi salsalarsa, alminiyam ne da ya haɗu da oksijin ya zama dutse.

A cikin ɓawon ƙasa babu ƙarfen da ya kai shi yawa, kusan kashi 8 cikin ɗari. Yumɓun da ake gina tukunya da shi cike yake da alminiyam. Amma dauloli sun tashi sun faɗi ba wanda ya taɓa riƙe shi a tafin hannu, domin ba a tsintarsa tsura kamar zinariya. Kullum a ƙulle yake da oksijin, ƙulli kuwa irin wanda wutar maƙera ba ta kwancewa. Sai a 1825 wani masani ɗan ƙasar Denmak ya iya fitar da ɗan mitsitsi. Shekara sittin bayan haka ma tsadarsa tana gogayya da ta azurfa. Da Amurkawa suka gama doguwar hasumiyar tunawa da Washinton a 1884, da dunƙulen alminiyam da bai kai kilo 3 ba suka rufe ƙololuwarta, kuma kafin a ɗora shi sai da aka baje kolinsa a shagon masu sayar da gwala-gwalai mutane suna zuwa kallo. A 1886 ne samari biyu, Charles Hall a Amurka da Paul Héroult a Faransa, ba wanda ya san da zaman ɗan uwansa, suka gano mabuɗi ɗaya. A narkar da farin garin alminiyam da ke ƙulle da oksijin a cikin wani irin gishiri mai zafin kusan digiri 960, a sakar masa wutar lantarki mai ƙarfi, ita ce ke tsinka ƙullin. Su biyun a 1863 aka haife su, kuma a 1914 suka mutu. Ikon Allah. Har gobe da dabararsu ake aiki.

Wato babban abincin alminiyam wuta ce. Sai an tono tan 4 ko 5 na wata jar ƙasa da ake kira boksait kafin a tace tan 2 na farin gari, daga nan a sami tan 1 na ƙarfe, kuma tan ɗayan nan sai ya lanƙwame wajen kilowat-awa 14,000. Shi ya sa masana'antarsa take bin wuta mai araha duk inda take. Baharain ta fara narkarwa a 1971, Dubai a 1979, ba don suna da jar ƙasar ba, don suna da iskar gas, garin kuwa a jirgin ruwa ake kawo musu. Ƙasar Gini ta fi kowace ƙasa arzikin boksait, amma yawancinsa ɗanye take lodawa a tashar Kamsar a tafi da shi. Najeriya ta gina tata masana'antar a Ikot Abasi, ta kunna a 1997, ba ta cika shekara uku ba ta mutu. Wannan labari ne na wata rana.

Saudiyya ta shigo a makare, amma da ƙarfinta. A 2009 kamfanin Ma'aden ya ƙulla yarjejeniya da Alcoa na Amurka a kan aikin dala biliyan 10.8. Ana tono boksait a Ba'isa, can wajen Ƙasim, jirgin ƙasa ya ja shi kusan kilomita 600 zuwa Ras al-Khair a gaɓar tekun gabas, a tace shi a nan, a narkar a nan, a murje shi a nan. Ƙarfen farko ya zubo a ƙarshen 2012, kuma an gina wurin ne don ya ba da tan 740,000 a shekara. In ka buga lissafi da wutar da kowane tan yake ci, za ka ga wurin yana shan sama da megawat 1,000 ba dare ba rana. Madatsar Kainji ɗungurungum, wadda muka taso muna jin sunanta a bakin iyaye, megawat 760 aka gina ta ta bayar. Ga kuma jar lakar da tacewa ke bari, tan guda ko fiye a kan kowane tan na farin gari, mai cin fata kamar ruwan toka mai ƙarfi. A 2010 madatsar irin wannan laka ta ɓalle a ƙasar Hangari, ta bi ƙauyuka, mutum 10 suka rasu.

To yanzu a dawo kan buhun Gwaggo. Gwangwanin da ke ciki an riga an biya masa duk wannan wahala. An tono, an tace, an ƙona gas. Abin da ya rage kawai a kai shi zafin digiri 660 ya narke, kuma hakan ba ya cin fiye da kashi 5 cikin ɗari na wutar da sabo yake ci. Roba in ka narkar da ita sau biyu sau uku ta gaji. Alminiyam ba ya gajiya, ka narkar sau ɗari yana nan yadda yake, har masu sana'ar suna ƙiyasta cewa kusan kashi uku cikin huɗu na duk wanda aka taɓa yi a duniya yana nan ana mora. Gwangwani kamar 70 ne ke cika kilo. Kilo ɗayan nan ya tsare wa ƙasa wajen kilowat-awa 13, wutar da za ta riƙe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, awa shida ko bakwai a tsakiyar zafin Agusta. Ranar da ta yi sa'a, irin washegarin biki, Gwaggo takan haɗa kilo biyar. A Ras al-Khair ɗin ma, kusa da inda ake murza farantin da ake yin gwangwani, an gina sashe guda don narkar da tsofaffin gwangwanaye. Ke nan tanderu yana can ya buɗe baki yana jira. Tambayar ita ce wa zai sunkuya ya ɗauko daga lungu, domin har yau ba a ƙera injin da ke bin layinmu da asuba ba.

Hukuma ta san wannan. A 2017 aka kafa kamfanin zuba jari a harkar sake sarrafa shara, a 2019 aka kafa cibiyar kula da shara ta ƙasa, a 2021 aka fitar da sabuwar doka, duk don a rage abin da ake binnewa. Ina goyon bayan wannan ɗari bisa ɗari. Sai dai dokar ta ce da zarar shara ta shiga mazubi ta zama mallakar hukuma, tonon mazubi kuma laifi ne. A kan takarda maganar ta yi ma'ana, tunda kamfanin da aka ba kwangila yana son ya sami abin da zai mayar da kuɗinsa. A layinmu kuwa mazubi ɗaya ne, shi ke karɓar ƙashin kaza da ƙunzugun yara da fasasshen gilashi da gwangwani. Mota ta zo ta juye, ta matse su su zama dunƙule ɗaya. Gwangwanin da ya fita a hannun Gwaggo da tsabtarsa ya fita. Wanda ya shiga cikin motar, sai wanda Allah ya tsaga da rabonsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne haramcin bai hana tsinta ba. Shekara nawa ana kora, ana ƙwacewa, kuma kowace asuba suna fitowa, don abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Abin da haramcin ya yi kawai shi ne ya karya musu farashi. Na taɓa raka ta wurin wani mai sayen sikirab, wato tsofaffin ƙarafa, na ɗaukar mata buhuna a bayan mota. Na auna su a warsha kafin mu fita, kilo 22. Da ya ɗora a sikelinsa sai allura ta tsaya a 19. Ya cire kilo ɗaya wai na buhu, ya cire wani wai akwai laima a ciki, ya ƙirga mata riyal uku a kan kowane kilo, ya miƙo da hannun hagu yana waya. Na buɗe baki zan yi magana sai ta daƙile ni da ido. A mota ta ce, "Ɗan nan, in ka ɓata ni da shi gobe wa zan kai wa? Ƙara zan kai? In ce me nake sayarwa?" A kasuwar duniya tan ɗaya ya yi shekaru bai sauko ƙasa da dala 2,000 ba, wato riyal bakwai da rabi a kilo, sau da yawa ma fiye. Na san ba duka ratar ce zalunci ba, akwai fenti da datti da ke ƙonewa, akwai kuɗin mota da na matsewa da na tanderu. Amma wanda doka ta mayar da sana'arsa laifi ba ya da bakin ciniki. Kowa a layin cinikin yana cin ribarsa da rana tsaka da lasisi a bango, ita kaɗai da ta yi aikin sunkuyo take ɓuya.

Masu adawa suna da hujja, kuma ba zan ce ƙarya suke yi ba. Wasu matan suna farke leda su bar shara a warwatse, kyanwoyi su ƙarasa, kafin hantsi layi ya ɗauki wari. Na gani da idona, na kuma yi faɗa a kai. Akwai allurar masu ciwon suga da fasassun kwalabe, hannun Gwaggo kansa duk tabo ne. Akwai masu tura yara ƙanana su shiga cikin mazubi a lokacin da ya kamata suna makaranta, wannan kam ko ni a ba ni bulala zan hana. Akwai kuma ɓarayin waya da bututun mukayyif da tagogin gidajen da ba kowa, waɗanda ke fakewa da sunan tsinta, su kai wa dilan da ba ya tambaya. Amma a duba kowanne da kyau. Mai farke leda sauri take yi don tana waige-waigen mota. Wadda ta san layin nan nata ne, da katinta a wuya, gobe ma ita za ta dawo, ba za ta ɓata wurin cin abincinta ba. Safar hannu da takalmi ana raba su ne ga wanda aka san da zamansa. Ɓarawon waya kuwa ya fi jin daɗin kasuwar da kowa ke sayarwa a ɓoye, don a nan ne ba a bambance shi da tsohuwa mai gwangwani.

Maganar da kowa ke kewayawa ita ce iƙama, takardar izinin zama a ƙasa. Da yawa cikin matan nan takardunsu sun mutu, wasu ma a nan aka haife su ba su taɓa riƙe takarda ba. Wani zai ce ta yaya hukuma za ta ba da katin aiki ga wanda zamansa ma bai halatta ba. Wannan ƙulli ne babba, ya fi ƙarfin maganar gwangwani, kuma kowace ƙasa tana da ikon tsara wa zai zauna mata. Amma akwai dubbai masu takarda daram, zawarawa da tsofaffi, irin Gwaggo da ɗanta yake riƙe da ita a kan iƙamarsa, albashinsa ba ya kai ƙarshen wata. A fara da su mana. Ƙungiyoyin agaji da cibiyoyin unguwa sun san su gida-gida, tunda su ke raba musu kayan azumi. Wanda ya iya rubuta sunan mace don ya ba ta buhun shinkafa zai iya rubuta sunanta don ya sayi gwangwaninta da sikeli mai gaskiya.

Ba mu ne farkon shiga wannan mararraba ba. A Alƙahira, 'yan sharar da ke zaune a gindin dutsen Muƙaɗɗam sun shekara da shekaru suna bi gida-gida, suna ware kusan kashi 80 cikin ɗari na abin da suka kwaso. A 2003 aka ba wasu kamfanonin Turai kwangila aka ture su gefe, da manyan motoci da manyan mazubai. Abin da ake warewa ya faɗi ƙasa warwas, shara ta taru a tituna, daga baya dole aka dawo ana neman masu kwandon nan. Birazil ta bi ta wata hanya. A 2002 ta saka tsintar shara cikin jerin sana'o'in da hukuma ta sani, a 2010 ta yi dokar da ta ba ƙungiyoyin matsinta fifiko a aikin sharar birane. Shekara da shekaru ke nan sama da kashi 95 cikin ɗari na gwangwanayen ƙasar suna komawa tanderu, kuma kowa ya san a kan wuyan wa abin yake tafiya.

Da za a tambaye ni, sai in ƙara da kuɗin ajiya. A Jamus tun 2003 duk wanda ya sayi lemon gwangwani yana ba da santi 25 a kai, in ya mayar da fanko a ba shi kuɗinsa, kuma kusan duka suna dawowa. Mu nan mun taso gwangwanin Pepsi riyal ɗaya. A 2017 aka ɗora harajin kashi 50 cikin ɗari a kan lemo mai gas, kashi 100 a kan na ƙarin kuzari, aka yi gunaguni na mako biyu aka ci gaba da sha. Halala 25, wato rubu'in riyal, da za ta dawo aljihunka ba za ta kashe kowa ba. A lissafin yau gwangwani ɗaya halala huɗu ko biyar yake kawo wa Gwaggo. Da kuɗin ajiya zai kawo mata ninki biyar, kuma injin karɓa ba ya danne sikeli, ba ya cire na laima. Na san wani zai ce ai in gwangwani ya yi daraja masu shi za su riƙe abinsu, ita ta rasa. Wasu za su riƙe. Amma na san mutanen garin nan, na ga yadda ake barin bakin teku daren Juma'a. Mai jefar da rabin tiren kabsa ba zai ɗauki fanko ya kai shago don halala 25 ba.

Saura mu. Wannan ɓangaren ya fi mini ɗaci, don na hukuma doka ce, namu kuwa hali ne. Na ga saurayi ɗan unguwarmu, fes da farar jallabiya, ya hango ƙanwar kakarsa tana tura keke sai ya tsallaka titi ya maƙala waya a kunne. Na ji ana hana aure wai uwar yarinya 'yar gwangwani ce. A gida kuma, a Kano ko Damagaram, a karɓi kuɗin da ta aiko a yi rufin ɗaki, a biya kuɗin makaranta, sannan a zauna a tsakar gida ana cewa ai wance bola take bi a Makka. Mu da kakanninmu suka taka daga Hausa, suka ratsa Chadi da Sudan suna noma a gonakin mutane shekara da shekaru kafin su ga Sawakin, suka iso nan suka yi ga-ruwa da dako da wanki, yaushe muka zama masu ƙyamar gumi? Na gane inda abin ya samo asali. An daɗe ana kiran mu takari da wata irin murya, har yaranmu suka koyi gudun duk abin da zai tuna wa mutane. Amma kunyar ta sauka a gidan da ba nata ba. Bukhari ya ruwaito cewa mutum ya ɗauki igiyarsa ya yo itace ya sayar ya fi masa alheri da ya roƙi mutane. Shi da Muslim kuma sun ruwaito labarin baƙar matar nan mai share masallacin Madina, wadda ta rasu aka binne ta ba a sanar da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ba, kamar an raina lamarinta. Da ya tambaya aka faɗa masa, sai ya ce a nuna masa kabarinta, ya je ya yi mata salla. Malamanmu suna karanta wannan a wa'azi, mu ce Allahu akbar, mu fito mu wuce Gwaggo ko sannu babu.

Kuma mu ne manyan masu zubarwa. A dubi ƙofar masallaci bayan buɗa-baki a watan azumi, ko zauren biki da ƙarfe biyun dare, farantan gasdir tuli guda, da mai da shinkafa a jiki, an cusa su a baƙar leda ɗaya da cokulan roba. Farantin nan ƙarfe ɗaya ne da na jirgin sama, sai dai ɗan bambancin gami. In an kakkaɓe shi aka tara wuri ɗaya aka dunƙule, kuɗi ne. In ya cakuɗe da miya ya tafi ke nan. Ni dai tun ranar da aka ɗauke mata keke na kafa ƙusa a bayan ƙofa na rataye leda dabam. Yara sun san gwangwani da faranti can suke zuwa, a ɗauraye, a take. Gida huɗu a benenmu sun bi sahu, ba wanda na yi wa wa'azi, gani suka yi. Da safe sai dai ta ɗauki leda a bakin matakala, ba ƙugiya, ba tono, ba abin da wani zai ce ta taɓa mallakar hukuma, tunda bai shiga mazubi ba. Kyauta ce daga hannu zuwa hannu.

Ta sami wani keken bayan kwana tara, shuɗi, ƙafar baya ɗaya ta karye. Ta turo shi har ƙofar warsha da la'asar, tana jan sa yana ɗingishi. Na duba kwandon ragowar yanka na sami guntun bututu, na yanke taƙi ɗaya, na huda, na ɗaure da ƙusa biyu. Ta tura gaba ta ja baya, ta jinjina kai. Sai idonta ya sauka a kan kwandon, cike da guntaye da garin zarto yana ƙyalli.

Ta ce, "Wannan fa, wa kuke ba?"

Na ce, "Na mai shago ne, Gwaggo. Duk ƙarshen wata mota ke zuwa ta ɗauka, riyal shida kilo."

Ta yi shiru tana lissafi da yatsu a kan hannun keken. Ta ce, "Shida. Har ƙofa." Sannan ta gyara mayafi, ta taɓa ƙullin mayen ƙarfenta ta ji yana nan, ta ce in gaishe da mutan gida, ta tura kekenta ta yi wajen masallaci.